Sulemana da Wutar Ranar Juma'a

Shekara tara ke nan da aka kai Sulemana makwancinsa a Yendi, kuma wannan ne karo na farko da na zauna yin rubutu a kansa raina ba ya tafasa. Bana murna nake yi. Murnar ma har ta yi mini yawa, jikokina suna ta tambaya ko kujerar Makka aka ba ni. Ku bari in ɗauko muku labarin daga tushe, saboda waɗanda ba su san shi ba.

Sulemana ɗan kawuna ne, wato taubashina. Gida ɗaya muka tashi a Salaga, kuma duk wanda ya san wasan taubasai ya san ba a raga wa juna. Ni ina kiransa Sarkin Ƙwan Fitila, shi yana kirana Hajiyar Ƙorafi tun ban je ko Tamale ba, balle Makka. Ya yi karatun lantarki a kudu, aka turo shi babbar tashar wuta da ke bayan garin Yendi, inda manyan wayoyin nan da ke tafe a kan dogayen ƙarafa suke sauke kayansu kafin a rarraba wa garuruwa. A can ya yi aure, a can ya haifi 'yarsa tilo, Rakiya. Ni kuwa koyarwa na yi a Salaga har na yi ritaya.

Duk ranar da aka ɗauke wuta, abin da muke kira dumso a nan Ghana, Sulemana ake zagi, alhali ba shi ke kawo ta ba, ba shi ke ɗauke ta ba. Aikinsa shi ne ya riƙe ƙarfinta kada ya yi sama, kada ya yi ƙasa. Ya taɓa kwatanta mini da ruwan famfo. Wutarmu daga kudu take tasowa, tafiya mai nisa. In kowa ya buɗe nasa a lokaci ɗaya, sai ta iso mana a gajiye, ƙwan fitila ya yi ja, inji ya yi ta gurnani yana zafi har ya ƙone. In kuma kowa ya rufe a tare, sai ƙarfin ya kumbura a cikin waya, ya fasa duk abin da ya tarar a kunne. A jikin babbar taransifoma akwai matakai, shi kuma yana zaune a gaban allurar da ke nuna ƙarfin wuta. Ta sauka, ya ɗaga mataki. Ta hau, ya sauke. Da hannu, yana kallo, tun daga shigarsa aiki har tashinsa.

Mu mutanen Salaga muna can wutsiyar layi, don haka da yamma in gari ya ɗauki girki da kallon talabijin, mu muke fara ji a jikinmu. Sai in ɗauki waya.

“Taubashi, fankata tana juyawa kamar mai ciwon ƙugu. Ka ƙaro mana.”

“Azumi, in na ƙara miki yadda kike so, na kusa da ni firjinsu zai ƙone. Ku yi fifita.”

“Kai dai ka ce rowar gidanku ce ta motsa.”

Ya yi dariya ya kashe. Amma ba a jima sai in ga fankar ta ɗan farfaɗo, in san ya taɓa wani abu.

Ba shi kaɗai ke wannan rawa ba. A tashar Bawku akwai abokinsa Kwabena, mutumin kudu, yana yin irin aikin. Duk wayoyin a haɗe suke, abin da aka taɓa a Yendi sai an ji shi a Bawku. In Sulemana ya ɗaga bai faɗa ba, allurar Kwabena ta motsa, shi ma ya gyara, gyaransa ya dawo ya ɓata na Sulemana. Saboda haka kullum suna manne da waya, wannan yana cewa kai fara, wancan yana cewa dakata in cire nawa tukuna. Na taɓa tambayarsa ko babu injin da zai hutar da su. Ya nuna mini wani ƙaramin akwati a bango, ya ce ga shi nan, amma wawa ne. Gabansa kawai yake gani, bai san da Bawku ba, bai san da Tamale ba. In aka kunna shi sai ya yi ta hawa da sauka yana kokawa da 'yan uwansa na sauran tashoshi har ya gajiyar da taransifoma, shi ya sa aka kashe shi. Ya ce, “Ranar da aka yi wanda zai ga ƙasar gaba ɗaya da ido ɗaya, ranar zan huta.”

Duk mako babu lokacin da ya kai masa tsakar ranar Juma'a wuya. Da an yi kiran farko, masu injin niƙa, nikanika kamar yadda muke cewa, da masu walda, da masu tsaga katako, daga Yendi har Salaga, duk sai su kashe kayansu kusan a tare su nufi masallaci. Ƙarfin wuta ya tashi sama farat ɗaya. Da liman ya yi sallama kuma, kowa ya ruga ya kunna, don mata suna nan da kwanukan masara suna jira, ƙarfin ya faɗo ƙasa. Dole a sami wanda zai zauna a gaban allura a daidai wannan lokaci, don a kan layin akwai asibiti, akwai injin ruwan gari, akwai dukiyar mutane.

Su uku ne a tashar, duk Musulmi. Shi ne babba, sai Mumuni, wani Badagombe mai kunya, da ɗaya abokin aikinsu. Sulemana ya ce Juma'a tasa ce, su je. Da na yi masa magana ya ce mini, “Su yanzu suke neman aure. Saurayin da ba a ganinsa a sahu, wa zai ba shi 'ya a Zango? Ni na riga na yi nawa.” Ya zo har Salaga ya tambayi malaminmu, malam ya ce wanda ke tsaron abin da rayuka suka rataya a kai yana da uzuri, ya yi azahar ɗinsa a inda yake. Haka ya yi shekara da shekaru, yana shimfiɗa darduma a gefen tebur bayan allura ta natsu.

Abin da ya haɗa ni faɗa da shi shi ne bai taɓa gaya wa kowa ba. Zangon Yendi kuwa, unguwar Hausawa inda yake zaune, ba ya barin giɓi, in ba ka cike shi da bayani ba za a cike maka. Aka fara cewa boko ya cinye shi. Aka ce yawan zama da mutanen kudu ne. Na ce ya tashi ya yi wa mutane bayani, ya ce in ya fara sai a ce yabo yake nema. Na ce ni zan yi, ya ce in na kuskura ba shi ba ni. Taurin kan gidan kawu ke nan, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in jawo kunnensa.

Ciwo ya kwantar da shi, bai daɗe ba ya cika. A zaman makoki wani ya fara yabon halinsa, sai Alhaji Tanko ya gyara zama. Alhaji Tanko shi ne mai babban ɗakin sanyi na kifi a bakin Zango, mutumin sahun gaba, in ya yi magana ana saurare. Ya ɗaga murya yadda har mu mata a cikin gida muka ji, ya ce, “Allah ya ji kan shi. Amma mu dai ba mu san fuskan shi a masallaci ba.” Rakiya tana gefena, tana shekararta ta ƙarshe a karatun injiniya. Ba ta yi kuka ba. Da aka share makoki ta haɗa kayanta ta ce mini, “Anti, kafa na ba zai sake taka Zango ba.” Ta gama karatu, ta nemi aiki a Bawku, ta ɗauke mahaifiyarta. Tun daga ranar, salla ƙarama da babba, suna da biki, ba a sake ganinta a unguwar da aka haife ta ba. Ni kuwa na yi ta faɗin gaskiya a gidajen biki har aka fara gudun zama kusa da ni, amma maganar taubashiya wa zai ɗauka? Cewa ake yi kare ɗan uwana nake yi. Sunan Sulemana ya zauna yadda Alhaji ya ajiye shi.

Ba a daɗe da rasuwarsa ba aka turo wani baƙo ya maye gurbinsa, mutumin da bai san halin garin ba. Wata Juma'a Mumuni ya tafi masallaci kamar yadda ya saba, baƙon kuma ya ga gari ya yi tsit, ya fita neman abinci. Kafin a idar da salla ƙwayayen fitila sun fashe a gidaje, talabijin sun yi hayaƙi, injinan ɗakin sanyin Alhaji Tanko sun ƙone ƙurmus. Kifi ya ruɓe, ungulaye suka yi kwana da kwanaki suna shawagi a bakin Zango. Ban yi murna ba. To, ban dai yi kuka ba. Daga wannan rana Mumuni ya ja kujerar maigidansa ya zauna, shi ma aka daina ganinsa ranar Juma'a.

Watan jiya waya ta shigo mini daga Rakiya. Yaran Zango mace ma “ka” suke ce mata, na gaji da gyara.

“Anti Azumi, ka zo Yendi ranan Juma'a. Abin da Baba ya ke magana, mun gama shi.”

“Wane abu?”

“Ka zo kawai. Ka sa takalmi mai rufi.”

Ban tsaya neman ƙarin bayani ba. Na shiga motar safe, na sha girgiza a hanya har ƙasusuwana suka yi ƙara, aka sauke ni a bakin tashar wuta. Rakiya ta fito cikin rigar aiki da manyan takalma, ta kifa mini hular kwano a kan ɗankwalina. Tsohuwa da hular kwano a kan ɗankwali! Da Sulemana yana nan da na shiga uku da tsokana.

Ɗakin yana nan yadda na san shi, sai dai an jera wasu sababbin akwatuna, ga babban allo irin na talabijin. Ta nuna mini ɗigo-ɗigo a kai. Wannan Yendi, wannan Bawku, wannan Tamale, ga manyan injinan kudu masu haifar da wutar. A kowace tasha akwai na'urar da ke auna ƙarfin wuta ba ƙiftawa, tana aika labari ta wata siririyar waya da ke tafe can saman ƙarafan, zuwa wata kwamfuta da ke kallon ƙasar duka. Ita ke yanke wanda zai motsa da wanda zai tsaya. Wani lokaci ta ce wa injinan kudu su ɗan sassauta. Wani lokaci ta cire kafasita, wasu tulunan ƙarfe da ke ƙara wa wuta ƙarfi, a tashar da ba a buƙatarsu. Matakin taransifoma kuwa ba ta gaggawar taɓa shi, sai ta ɗan jira ta tabbata canjin na gaske ne. Rakiya ta ce a Bawku suka fara, abin ya yi watanni yana aiki lafiya, har 'yan kasuwar hatsi masu bin hanyar Kulungugu sun daina kuka da ƙonewar injin. Yendi ma an gwada shi ranakun mako. Juma'a ce kawai ta rage, kuma ita ta roƙi a bar ta ta tsaya a kai.

Aka yi kiran farko. Mumuni yana kan kujera, gashinsa ya fara fari, hannunsa a kan maɓalli. Rakiya ta ce masa, “Kawu Mumuni, tashi ka je masallaci.”

Ya dube ta, ya dubi allura. “Rakiya, yau Juma'a fa.”

“Na sani. Shi ya sa. Ni ina nan, kuma ba zan taba komai ba.”

Ya tashi kamar wanda aka ce ya bar jaririnsa a kasuwa. Ya kai ƙofa ya dawo, ya sake dubawa, sannan ya sa hula ya hau babur. Rakiya ta naɗe hannuwanta a ƙirji.

Daga inda muke ana jin gari. Ƙarar nikanika ta fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, zarto ya yi shiru. Na ga allura ta fara hawa da idona. Na ce, “Rakiya, tana hawa fa!” Ta ce in yi haƙuri. Tana hawa, tana hawa, hannuna har ya miƙa wajen maɓallin da ban ma san yadda ake murɗa shi ba. Sai wani ɗigo ya canja launi a kan allo, Rakiya ta ce a hankali, “Bawku ya cire kafasita.” Allura ta tsaya cak. Can sai na ji ƙarar ƙarfe daga waje, ƙwas, a can cikin taransifoma, babu mutum a kusa da ita. Allura ta sauko ta kwanta a inda Sulemana yake son ganinta.

Jama'a, na rangaɗa guɗa! A ɗakin aikin gwamnati, da hular kwano a kaina, na yi guɗar da ban yi irinta ba tun bikin 'yata ta fari. Abokan aikin Rakiya biyu, mutanen kudu, suka firgita, sannan suka fashe da dariya suna tafi. Da aka idar da salla injinan gari suka tashi a tare, allura ta nufi ƙasa, abin ya sake tare ta ya mayar, Bawku da Yendi da kudu kowa ya yi nasa a kan lokaci ba tare da an ɗaga waya ba. Na sake wata guɗar.

Tun ranar nake tambayar kaina me Sulemana zai ce. Na san shi, ba zai yarda da wuri ba. Zai ja kujera ya zauna ya zura wa allon ido wata guda yana neman inda zai kama shi da laifi. Zai tambayi Rakiya abin da zai faru in siririyar wayar ta tsinke, ta ce masa kowace tasha za ta riƙe kanta har a gyara, ya ce to a nuna masa. Gonakin solar ɗin nan masu wutar hasken rana da ake shimfiɗawa a arewa, waɗanda gajimare ɗaya ke sauke ƙarfinsu kafin mutum ya miƙa hannu, su za su sa ya sallama, don ya san hannu ba zai iya wannan tsere ba. Daga nan zai kira Kwabena, wanda yanzu ya yi ritaya yana noman koko a garinsu, su yi awa guda suna gardamar wanda ya fi ɓata wa wani allura. Kuma na tabbata zai yi wanka ya sa babbar riga ya riga kowa zuwa masallaci.

Mumuni ya dawo idanunsa jajur. Ya ce yana shiga sahu Alhaji Tanko ya juyo ya gan shi, ya zabura ya riƙe masa riga, ya ce, “Mumuni! Me ka ke yi nan? Wa ka bari wurin wuta? Koma, koma, kaya na zai kone!”

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na cire hular kwano na miƙa wa Rakiya, na tari mai babur, ban tsaya ko'ina ba sai ɗakin sanyi. Na tarar da Alhaji ya tsufa, yana zaune a kan benci, injinansa suna ta kaɗawa lafiya lau.

“Alhaji, ashe ka san dalilin da ya sa mai tsaron wuta ba ya zuwa Juma'a.”

Ya sunkuyar da kai. “Hajiya, tun ranan da inji na ya kone na gane.”

“Shekara nawa ke nan? Kana ganina ina ta haushi a gidajen biki, yarinya ta bar garin ubanta, ka yi gum.”

“Kunya ne, Hajiya. Ka yi hakuri. Zan je in roki yarinya.”

“Ba a ɗaki ka faɗa ba, Alhaji. A gaban mutane ka faɗa, da ƙarfi. A can za ka gyara.”

Juma'ar da ta biyo ita ta yi daidai da cikar shekarun rasuwarsa, mun shirya sadaka, na soya masa, an dafa wake da shinkafa. Na roƙi Rakiya ta kai ni Zango da motar aikinsu. Ta ce za ta kai ni bakin unguwa, amma ba za ta sauka ba. Ta tsaya a gindin dalbejiyar da ke kallon masallaci, ta bar injin a kunne, ta kafe idonta a gaba.

Mutane suna tambayata abin da ya rage na Sulemana, tun da inji ya karɓe aikinsa. Kujerarsa ba ta da amfani yanzu, nan da 'yan shekaru ba mai tuna an taɓa murɗa wannan maɓalli da hannu, kuma shi kansa haka yake so. Amma Mumuni yana da mata da 'ya'ya biyar saboda an gan shi a sahu lokacin da yake neman aure. Akwai waɗanda aka yi wa aiki a asibiti ranar Juma'a suka tashi lafiya, ba su san sunansa ba. Ga kuma Rakiya, wadda ta ɗauki maganar da ya faɗa a kan akwatin bango ta bi ta har ta ga bayanta.

Aka yi sallama. Lasifika ta ɗan yi ƙara, sai muryar Alhaji Tanko ta fito, ana jin ta har tashar mota. Ya ce jama'a su dakata. Ya ce akwai wani bawan Allah, Sulemana mai wuta, wanda ya zauna shi kaɗai a ɗaki shekara da shekaru don su sami yin salla hankali kwance, shi kuma ya ci mutuncinsa ranar da ba zai iya kare kansa ba. Ya ce ya yi ƙarya, a shaida. Ya roƙi liman a yi wa Sulemana addu'a da sunansa da sunan mahaifinsa. Masallaci ya ɗauki amin, har matan da ke sayar da koko a waje suka ɗaga hannu.

Ban dubi Rakiya ba, don na san in na dube ta za ta daure. Na ji ta kashe mota. Sannan ta buɗe ƙofa ta sauko da manyan takalman aikinta, ta zagaya baya ta ɗauki kwandon masa ta ɗora a ka, ta ce, “Anti, wane gida za mu fara kai?”